Kilo Goma Sha Ɗaya

Shekara goma sha tara ina feɗe kifi a Walvis Bay,
yatsuna sun fi sanin ƙanƙara da tafin matata.
Wata Lahadi, a hanyar Swakopmund,
taya ta yi faci, na ɗaga kai in harari rana,
sai ga mutane suna zubowa daga sama,
ja, shuɗi, ruwan ɗorawa,
kamar an kakkaɓe bishiyar fure a kan yashi.
Taimi ta ce, "Mai kuɗi har ajalinsa saye yake."
Na ce, "Haka ne."
Amma wuyana ya ƙi saukowa.

Na je na tambaya.
Wata doguwa, Marelize, iska ta gama zane mata fuska,
ta rubuta min farashi a bayan tsohon rasit,
ta nuna ma'auni da haɓa.
Na hau. Allura ta tsallake jan layi ko waiwaye babu.
"Laima ba ta jin magiya," in ji ta.
"Kilo goma sha ɗaya. Ka dawo."

Aiki biyu ke nan a wuyan mutum ɗaya:
gwangwani ya yi tumbi, ni in rasa nawa.

Na sami na madara, na tsaga masa baki.
Kuɗin taba ne ya fara faɗawa.
Sai na gasasshen naman ranar albashi,
har Tangeni mai nama ya aiko a ji ko lafiya.
Kuɗin tasi ya bi sahu, ƙafa ta gaji aikinsa.
Dala ashirin yau, gobe bakwai, jibi wayam.

Da asuba, kafin jiniyar masana'anta,
ina hawan tudun yashin bayan gari.
Taku uku gaba, biyu baya,
yashi ba ya yafe bashi.
Makon farko a tsakiya na durƙusa na yi amai.
A mako na tara na kai ƙololuwa,
na ga teku a kwance, jiragen ruwa kamar ƙwayar shinkafa,
na ce ashe nan ma ƙasa ce.

A ma'aunin kifi nake gwada kaina
in shugaban aiki ya ba da baya.
Abokai na yi min gwanjo:
"Elifas, ɗari da huɗu, ba a cire ƙaya ba, wa zai taya?"

Da dare, rub da ciki a tsakar ɗaki,
ƙugu ƙasa, haɓa sama, hannuwa a ware,
ina ƙirga: dubu ɗaya, dubu biyu,
dubi agogon tsayi, laluba, ja.
Ndilimeke ta ɗare gadon bayana
ta ce ita ce iska.

A wata na bakwai haƙorin Taimi ya kumbura,
kuncinta ya yi kamar ta ɓoye lemo.
Wuƙar feɗe kifi ce ta buɗe gwangwanin.
Rabin samata ya tafi wurin likita.
Ban ce komai ba. Na liƙe bakin da salatif.
Bayan kwana goma na leƙa,
sai ga takardar hamsin an naɗe ta gida huɗu,
irin naɗin da mutum ɗaya tak ke yi a duniya.
Ita ma ba ta ce komai ba.

Yau allura ta tsaya ƙasa da layi da faɗin farce.
Marelize ta ƙirga silallana, suna ƙarnin kifi,
ba ta yamutsa fuska ba.
Hazon teku ya riƙe mu har sha ɗaya,
sannan ya janye kamar ya ji kunya.

Yanzu ƙofa a buɗe take.
Iska na mari, gwiwoyina na musu da juna.
Can ƙasa ga tudun da ya sha gumina,
ko tsayin ɗan yatsa bai kai ba.
Kusa da shi wani ɗigo ja,
rigar Taimi ce,
na san ta rufe ido ɗaya.

Marelize ta dafa kafaɗata.
Haɓa sama.