Kantin Mai Sikeli

An kira ni in shafe shi da siminti.
Na zo da cokalina, na tsaya bakin hanya
tsakanin mai gyaran waya da mai tuyar awara,
ina dubansa kamar wanda aka aika ya yi wa kakansa aski.

Duk Zango an san shi,
shekarunsa ne ba a taɓa daidaitawa ba.
Tsohuwa Tsahara ta ce Bagadamashe ya sa a gina,
wai shi Bil-Ƙasim, mai fatu da gashin jimina,
ya so soro mai sanyi
kada zafin Damagaram ya ƙone masa riba.
Maginin kuwa Tankari ne, ɗan Birni,
wanda ba ya awo da igiya sai da tafin ƙafa,
kuma ba ya magana in yana ɗaurin guga.

Dubi kaurin bango, kamu uku ba ragi.
Tubali bisa tubali, kowane da shaidar yatsu.
Azara daga kudu ta zo, giginya ce, gara ta gwada ta bari.
Baka huɗu sun tashi daga kusurwoyi
sun haɗa kai a sama kamar dattawa kan shawara,
an kafa musu tasa a cibiya, har yau tana ƙyalli.
Zankwaye bakwai ne, in ji Tsahara.
Ni biyar na ƙirga.

Sai Nasara ya zo da kamfanin gyaɗa,
ya huda tagogi, ya sa musu ƙarafa,
ya jingina rumfar kwano a goshin ginin
kamar hular aro.
Nan sikeli ya zauna shekara talatin.
Mutanen Mirya da na Dogo sun sauke buhuna a nan,
akawu Lawali na karanta allura,
ƙafarsa na nata karatun a ƙasa.

Fari ya ci gyaɗa, kamfani ya naɗe tabarma.
Wani Kwara ya jera atamfa.
Bayansa magani, bayansa kallon ƙwallo dala ashirin,
yanzu caja da marfin waya.
Bene kuwa jemagu suka gada, ba sa biyan haya.

Bayan ƙyaure na ga zane da bakin wuƙa,
biyar-biyar, layi ya fi ɗari,
ba suna, ba ranar wata.
Ko bashi ne, ko buhuna, ko kwanakin jiran wani,
bangon bai ce ba.

Na ce wa Alhaji Mutari, sabon mai shi:
ƙasa numfashi take yi, Alhaji,
siminti toshe hanci ne.
Damina uku, zai ruɓe daga ciki
yana sheƙi daga waje.
Makuba yake so, da hannu, duk shekara.
Ya dubi wayarsa. Ya ce, buhu nawa zai ci?

Ina da 'ya'ya shida.
Na ce arba'in.

Amma yau da asuba, kafin lebura su iso,
na sayi ruwa garwa biyu da kuɗina,
a garin da ruwa ya fi goro daraja,
na kwaɓa ƙasa da ƙafa,
na hau ta gefen arewa inda indararo ya karye
na ɗinke masa wuyan.
Ba wanda ya sa ni.
Gobe mu fara siminti ta gaba.