Na'ura ta Goma Sha Tara

Ƙarfe biyun dare a Ikeja.
Janareto na tari a bayan gini,
ni da baƙin allo muna kallon-kallo,
ɗan farin ɗigo yana ƙifta mini ido
kamar mai cewa: to, faɗi.

Ba na taka ƙafa ko'ina.
Gosulon Oshodi bai san fuskata ba.
Daga kujerar nan mai karyayyen hannu
nake ƙwanƙwasa ƙofa ashirin da bakwai:
sito a Apapa, ofis a Agege,
wani shago a Idumota da rufinsa ke yoyo.
In rubuta suna, in miƙa kalmar sirri,
na'ura ta amsa sallama,
in shige ɗaki da takalmina.

Aikina girka 'yar manhaja ce,
ba ta da fuska, ba ta da surutu.
Layi ɗaya na umarni ta samu gindin zama,
kowane dare ta tsince abin da yini ya rubuta,
rasit, lissafi, bashin da aka yi wa shiru,
ta kai wa uwar garke.
Ajiyar ko-ta-kwana.
Ba mai gode mata
sai ran da ruwa ya ci ofis
ko wuta ta dawo da hauka ta ƙone faifai.

Yau saƙon Madam Bisola gajere ne:
"Ta goma sha tara. Cire.
Lasisi kuɗi ne."

Ta goma sha tara ta Malam Haladu ce,
akawun sito, mutumin Gumel,
shekara talatin da ɗaya a Ikko
bai yarda da abin da bai taɓa da hannu ba.
Ran da na girka masa ya bugo waya:
"Yaro, wa ya shigo mini ban gan shi ba?"
Na ce ajiya ce, Baba.
Ya ce, "Mai karɓar ajiya yakan nuna fuska."
Na ce zan zo.
Tireloli sun toshe Apapa, na ce gobe.
Gobe ta haifi wata takwas.
Ranar Talata aka kai shi makwanci a Agege.

Na shiga. Tana kunne har yanzu,
ba wanda ya yi ƙarfin halin kashe ta.
Umarnin cirewa kalma huɗu ne,
yatsuna sun haddace shi kamar lambar gida.
Na rubuta.
Na zuba masa ido.
Na goge.

Na tura ajiya ta ƙarshe, wadda ba wanda ya sa ni.
Sunaye na wucewa kamar fitilun danfo a kan doguwar gada:
shinkafar Maris, kwastan, alawus ɗin direbobi,
sai wani can ƙasa,
kuɗin makarantar Zulai.
Ban buɗe ba.
Amana ba ta leƙe.

Kashi sittin da biyu, allo ya sandare.
An ɗauke wuta a can.
Na zauna ina sauraron ruwa a kan kwano,
shayina ya yi sanyi, sauro ya samu idon sawu.
Minti goma sha ɗaya
kafin Etim mai gadi, wanda shi ma ban san fuskarsa ba,
ya ja igiyar janaretonsu.
Sittin da uku.
Tamanin.
Ɗari.

Sannan na sake rubuta kalma huɗun.
Na'ura ta tambaya: ka tabbata?
Ita kaɗai ta tambaya duk makon nan.
Na danna.
Layuka suka zubo, suka tsaya.
An gama.

Ƙofa ashirin da shida.
Na aika wa Madam: an cire.
Ladan ya fara gyaran murya a bayan tasha.
Na sa lema a jaka
da canjin motar Apapa,
in je in tambayi inda Zulai take.