Kududdufin Bayan Kanti

A gefen Macon, bayan wani babban kanti,
akwai kwarin da ba mai ɗaukar hotonsa.
Wata goma a bushe yake, ciyawa da gwangwanaye.
Aikinsa na yini guda ne:
ranar da sama ta juye tulunta bisa kwalta,
ya tari ruwan, ya ce masa zauna tukuna,
ya riƙa sallamarsa kaɗan-kaɗan
kamar mai biyan bashi da kwabo.

Bara ya kasa.
Lavonne Tuttle ta sauko da ƙafa daga gado,
ruwa ya gaishe ta har idon sawu,
takalman jikanta na iyo a tsakar falo.

Shi ya sa muka zo, ni da Ysidro da katafila.

Bakin bututu muka fara buɗewa.
Ƙwallon yara, leda, reshen fir,
da keken sayayya da ya rasa ƙafa ɗaya.
Abin da ya shaƙe maƙogwaron unguwa ke nan.
Ysidro ya ɗaga ƙwallon, ya yi dariya,
ni ban yi ba.

Sai gangaren gabas.
Wani mai son tsafta ya aske ciyawar ƙwal,
jar ƙasa ta zauna tsirara,
ruwa kuwa ba ya raina ƙofa.
Ya fara da zane kamar na farce,
ya koma kwazazzabon da ya haɗiye ni har ƙugu.
Ɓerayen ruwa sun ƙarasa sauran daga ciki.

Kwana tara muna kwasar laka.
Muka cike ramuka, muka daddage su bene-bene,
muka shimfiɗa ƙyalle kafin mu jera duwatsu,
don dutse ba shimfiɗa, ruwa zai bi ƙarƙashinsa ya yi sata.
Muka watsa iri mai doguwar saiwa,
muka lulluɓe shi da tabarmar kara.
Gwiwata ta hagu ta ƙirga kowane baro.

Daren Talata hadari ya haɗo.
Na ajiye mota a bakin shinge, fitila a kunne.
Ruwa ya shigo da ihu, ya bugi duwatsu,
ya rasa abokin faɗa,
ya kwanta.

Can ƙasa, tagar Lavonne a rufe, ɗakin duhu.
Barci take yi.
Da safe ba wanda zai kira ofishinmu.
Na kashe fitila, na ɗan ƙara zama,
ina sauraren bututu yana magana a hankali.