Farantan Toka a Trabzon

Ranar da doka ta iso gidan shayin,
Cevdet ya tattara farantan toka,
arba'in da uku, ɗaya mai tsagi,
ya jera su a bayan kanta kamar kayan gado.

An manna jar alama a ƙofa:
karan sigari, an ja masa layi a wuya,
kuɗin tara a ƙasa.

Yanzu tsoho Nevzat
a yayyafi yake tsayawa, wuyan kwat a ɗage,
yana dara ta bayan gilashi.
Ya nuna da yatsa, aboki ya matsa masa ƙwaya.
"Shekara hamsin kujerar can tawa ce,
yau ga ni mai gadin ƙofa."

Gülten mai kai shayi
ba ta taɓa kunna ko kara ɗaya ba,
shekara sha tara tana tarin hayaƙin wasu.
Daren jiya ta kwance kallabi, ta shinshina:
lemun tsami, sabulu.
Shi ke nan.
Ta daɗe zaune da shi a cinya.

Silin dai rawaya ne har yau,
fenti sai bazara, in ji Cevdet.
Mai tsagin nan kuwa
ya ajiye wa Nevzat a bakin taga.
Ruwan sama ne ke cika shi.