Ina Kwana a Kajaani

Na iso da gaisuwa cike da baki:
ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyi,
irin wadda a gidanmu
shayi kan huce ba a kai ƙarshenta ba.
Teuvo ya ɗago daga jarida,
ya ce, "Moi."
Shi ke nan. Ya mai da kai.
Na tsaya riƙe da ragowar
kamar wanda ya kai goro gidan da babu mai haƙori.

A jikin firiji Raili ta manna takarda,
Litinin wanke-wanke, Alhamis fitar da shara,
ga sunana nan, Dahiru,
an aske wa harafin farko ƙugiyarsa.
Na haɗiye. Baƙo ko da ido makaho ne.

Ƙarfe uku rana ta naɗe tabarmarta.
Azahar, la'asar, magariba
suna tako juna kamar yara an tashi makaranta.
Ƙarfe biyar a zauna cin abincin dare,
dankali, kifi, baƙin burodi mai taurin kai,
ba ka jin komai sai cokali yana gai da faranti.
Yajin da Inna ta ƙulle mini
a aljihu nake ɓoye shi,
in barbaɗa idan sun juya baya,
ɓarawo a kan abincina.

Karensu, Rekku, yana da bargo,
yana da kujera, yana da likita.
Mako biyu ina kewaye shi kamar bakin rijiya.
Amma shi kaɗai ke kaɗa wutsiya
har in gama magana,
don haka shi na riƙa yi wa ina kwana,
daga nesa,
har da yaya mutanen gida.

Daren wata Asabar na kira Inna,
na ce, mutanen nan ba sa sona,
ko sannu ba ta haɗa mu.
Ta yi shiru, ina jin ana daka a bayanta.
Ta ce, "Mutum ba ya rasa gaisuwa, Ɗahiru.
Kai ne ba ka gano inda yake ajiye ta ba."

To, na shiga nema.

Na same ta da asuba a kan bututun ɗumama ɗaki:
safar ulu, ba tawa ba, an shanya mini ta yi zafi.
Na same ta a tsakar gida,
an share ƙanƙara tun daga ƙofa har inda kekena yake,
ga sawun manyan takalma suna komawa.
Na same ta rataye a kicin,
kasko sabo, an ɗaura masa jan zare a mariƙi,
wanda naman alade bai taɓa hawa ba,
ba kuwa wanda ya ce mini, ga shi mun yi maka.

Saimi, 'yar shekara bakwai,
ta ga yadda nake rubuta sunana a littafi.
Ta taka kujera da biro,
ta mayar wa harafin ƙugiyarsa a jikin firiji.
A baibai ta sa ta.
Har yau ban gyara ba.

Jiya na sauko, duhu bai ko motsa ba.
Na ce, "Moi." Iyakarta.
Na ji ta cika bakin daidai.
A kan tebur, tsakanin gishiri da man shanu,
sai ga ƙullin yajina,
da na manta a wandon wanki,
an juye shi a kwalba mai murfi.
Teuvo ya ɗiba da bakin wuƙa, ya shafa a burodi,
ya tauna, ya tauna,
kunnuwansa suka yi ja,
hawaye ya gangaro cikin gemu.
Ya yi tari, ya kurɓi madara,
ya turo mini kwalbar da yatsa ɗaya.

Ya sake miƙo hannu, ya jawo ta.