Nan Kurangar Inabina Take

Bukarest, ranar Talata, ana yayyafi.
Kakata Safta ta sa takalmin zuwa coci,
ta ce, "Ilarie, kai ni gidana."
Gidanta bene ne, hawa na tara,
ruwan toka kamar ɗarin da ke jere da shi.
Na san ba shi take nufi ba.

Muka yanki tikiti. Aka duba katin shaida,
aka rataya mana lamba a wuya kamar kayan gwanjo.
Ginin nan tsauni ne da aka koya wa fareti:
taga bisa taga bisa taga,
ƙofofin da raƙumi zai shige da kaya bai sunkuya ba.
Yarinyar da ke mana jagora na zuba lissafi
kamar mai awon hatsi,
ɗaki kaza, fitila kaza, marmara tan kaza.
Baƙi suna ɗaga wayoyi sama.

Kakata ƙasa take kallo.

Leɓenta na motsi. Ƙirga take yi.
Daga gindin tudu taku ɗari da arba'in
zuwa shagon mai gyaran agogo,
a karya hagu, famfon unguwa,
sai koriyar ƙofa mai kuka in an tura.
A tsakiyar wani zaure mai faɗin filin ƙwallo
ta ja ta tsaya, ta buga sanda sau biyu.
"Nan kurangar inabina take."

Mai gadi ya ce, "A ci gaba, Mama."
Ta ce, "Yaro, a tsakar gidana kake tsaye."

Kwana uku aka ba su, in ji ta.
Katafila ta zo da asuba, ta ci katanga kamar gurasa.
Karnuka aka bari, bene bai san kare ba,
suka bi motar kaya har gada, suka gaji.
Coci ma bisa dogo aka ɗora ta,
aka tura ta bayan benaye
kamar 'yar'uwar da ake jin kunyar talaucinta.

Ga kuma abin da ba a faɗa a gidanmu:
kakana Nichifor, shekara biyar
yana durƙushe yana goge marmarar nan.
Albashi ne. Ciki ba ya cin fushi.
Ya dawo da dare, an ɗauke wuta,
su kwanta da kwat, baki na fid da hayaƙi,
ƙarfe huɗu ta sauka ta jera kwalba a layin madara,
kwalba ta riƙe mata wuri har gari ya waye.

Na ce, "Ya san a kan me yake durƙuso?"
"Ya sani. Nan ya fi gogewa."
Na duba, ban ga bambanci ba.
Ita ta gani.

A taragon komawa ta sayi zoben burodi mai riɗi,
ta ba ni rabi babba.
Benaye na wucewa, an lulluɓe su da tallan waya,
wanki na lilo a ƙarƙashin murmushin wata ƙatuwar mace.
A bakin ƙofa maƙwabcinmu Octav, da ledar magani,
ya ce, "Da can kowa na da aiki."
Ta ce, "Ƙwarai. Har mijina."

Lif ya mutu, kamar kullum.
Mun huta a hawa na uku, da na shida,
da na bakwai, da na takwas.

A baranda, cikin tsohon bokitin fenti,
reshen da ta ɓoye a hannun riga ran tashi
ya kama ƙarfe, ya leƙa hawa na goma.
Ta tsinko ƙwaya huɗu.
Tsami har kunne.
Na yamutsa fuska, ta yi dariya har da tari,
ta ce, "Haka yake tun can.
Kakanka ma bai taɓa son sa ba."