Zanen da Aka Wanke Kafin Asuba

Ranar taron iyaye ni na fi kowa ɗaga murya.
Na miƙe a makarantar Aboabo, hula a karkace,
na ce wa Madam Serwaa:
"Lissafi muka kawo su koya, da Turanci.
Abin da ke ƙarƙashin riga ba na allo ba ne."
Aka tafa mini.
Alhaji Masawudu mai goro ya riƙe hannuna har bakin titi
yana cewa na fitar da mu kunya.
Takardar da aka ce mu sa wa hannu
na ninke ta huɗu, na cusa a aljihu
tare da takardar kuɗin wutar da ban biya ba.

Kwana tara da haka,
ladan bai ko gyara murya ba,
na fito da buta, sai na ji famfon tsakar gida
yana zuba a siririce, kamar mai satar ruwa.
Ɗan farina ne,
wanda bakina bai taɓa kama sunansa cikin mutane ba,
tsugune, yana cuɗa zanen gadonsa
da guntun sabulun uwarsa.
Ya ɗago.
Idon nan na san shi:
na wanda ya tabbata cuta ta kama shi,
ya kuma tabbata laifinsa ne.

Na ce, "Da sanyi yau."
Ya ce, "E, Baba."
Na wuce masallaci.

A sahu na biyu na tsaya,
amma kada a tambaye ni surar da liman ya ja.
Ina can Kejetia, shekara talatin baya,
yaro da kuɗin makaranta dunƙule a hannu
gaban mai magani da lasifika da hotunan miki.
Na sayi kwalbar ruwa mai ɗaci
don cutar da ba ni da ita.
Sati guda ina zarya bayan gida.
Mahaifina, Allah ya jiƙansa,
ya koya mini sauraren inji in gane inda yake ciwo.
Na jikina bai ce uffan ba.

Da dare Memuna na tsintar waken gobe, ba ta dube ni ba:
"Ka hana malama, kai kuma ba ka yi ba.
Wayar da ke hannunsa ba ta jin nauyin kowa.
Ni na yi wa Suwaiba nawa,
da ƙyar, ina kallon bango."
Na ce kunya gādo ce.
Ta ce, "Bashi ma ana gadonsa."

Asabar na tafi da shi gareji, Suwame.
Muka shige ƙarƙashin wata tsohuwar bas,
inda ba mai ganin fuskar wani.
"Miƙo sifana sha uku."
Ya miƙo.
Na ce wa cikin motar,
ba shi ba,
"Abin nan na asuba ba ciwo ba ne.
Girma ne. Ni ma na yi. Liman ma ya yi."
Baƙin mai ya ɗigo mini a goshi, na bar shi.
Na faɗi yadda ake wankan, daga niyya har ƙafa.
Na faɗi cewa 'yar mutane ba abin gwaji ba ce.
Sauran ya maƙale mini a wuya
kamar noti mai tsatsa.

Shiru. Can ya ce,
"Baba, to me ya sa muryata ke karyewa?"
Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.
Na ce, "Miƙo sha bakwai."

Takardar tana aljihuna har yanzu,
gefenta ya sha mai.
Litinin da safe zan bi ta ƙofar makaranta.
Shagon Alhaji Masawudu na kan hanyar,
kuma da wuri yake buɗewa.